Majhulin Turanci a Bakin Barashe: Inda Mai Fassara Yake Tuntuɓe

Duk wanda ya taɓa zama gaban malamin nahawun Larabci a zaure ya san bambancin “kataba” da “kutiba”. Na farko yana nufin wani ya rubuta, na biyu kuwa an rubuta ne ba a faɗi wanda ya yi ba, kuma abin da aka rubuta ɗin ya hau mazaunin fa’ili ya zama na’ibinsa. Wannan sigar ce malamai suke kira majhuli, ita ce kuma Turawa suke kira “passive”. A Turanci ana gina ta da abu biyu, wato aikatau “be” a kowane lokaci ake so, sannan siga ta uku ta aikatau ɗin da ke ɗauke da ma’ana, kamar “was built” ko “is sold” ko “has been told”. Tsari ɗaya ne tak, kuma Bature yana sa shi aiki iri-iri: ya ɓoye mai aiki da shi, ya riƙe abin da ake magana a kai a farkon jumla da shi, ya bayyana halin da abu yake ciki da shi, ya kuma ba wa maganarsa nauyin takardar hukuma da shi. Rashanci ba shi da tsari guda da ya haɗa waɗannan ayyuka duka. Yana da hanyoyi aƙalla biyar, biyu ne kacal daga cikinsu majhuli na haƙiƙa, kuma wanda ya ɗauki ɗaya ya riƙa liƙa ta a ko’ina zai fitar da Rashancin da nahawu bai hana ba amma babu Barashen da zai furta shi. Misalan Rashancin da za su biyo baya na rubuta su da haruffan boko ne gwargwadon yadda ake furta su.

Kafin a shiga hanyoyin, ya kamata a san abin da ya sa Turanci ya dogara da majhuli haka. Tsohon Turanci yana da alamomi a ƙarshen sunaye masu nuna wane ne aikau, wane ne karɓau, amma tsakanin ƙarni na 11 da na 15 ya zubar da mafi yawansu, sai jerin kalmomi ya gaji aikinsu. A yau wanda ya zo kafin aikatau shi ne ya yi aikin, wanda ya zo bayansa shi aka yi wa, kuma idan marubuci yana son fara jumla da wanda aka yi wa aikin, kusan ba shi da mafita sai majhuli. Rashanci kuwa bai zubar da nasa i’irabin ba. Larabci yana da halaye uku, rafa’i da nasabi da jarri. Rashanci yana da shida, kowane suna kuma yana ɗauke da alamar aikinsa a ƙeyarsa duk inda aka ajiye shi a jumla. Saboda haka yawancin buƙatun da ke tura Bature ga majhuli ba su taso wa Barashe tun farko.

Hanya ta farko ita ce mafi kama da Turanci, shi ya sa ɗalibai suka fi sonta. Ana ɗauko aikatau “byt”, wanda yake daidai da “be”, a haɗa shi da gajeriyar sifar da aka ciro daga aikatau. Jumlar “St Petersburg was founded by Peter the First in 1703” tana komawa “Sankt-Peterburg byl osnovan Petrom Pervym v 1703 godu”, kalma bisa kalma. Sunan sarkin Pyotr ne, amma ya zama “Petrom” domin Rashanci ba ya amfani da wata kalma irin “by” a nan, sai dai ya sa sunan mai aikin a halin i’irabi na kayan aiki, wanda ake kira “tvoritelny”. Sifar tana bin jinsi da adadin abin da ake magana a kai: gida namiji ne, don haka “dom byl postroyen”, littafi mace ce a Rashanci, don haka “kniga byla napisana”, wasiƙa kuwa tana cikin jinsi na uku, ba namiji ba mace ba, don haka “pismo bylo napisano”. A lokaci mai ci ana jefar da “byt” ɗin gaba ɗaya, a ce “dom postroyen” kawai.

Sai dai wannan hanya tana da iyaka wadda Turanci bai san da ita ba. Kusan kowane aikatau na Rashanci tagwaye ne, ɗaya yana nuna aikin da aka kai ƙarshensa, ɗaya yana nuna aikin da ake cikin yi ko ake maimaitawa. “Postroit” shi ne a gina a gama, “stroit” shi ne a yi ta gini. Gajeriyar sifar nan daga ɗan tagwayen da ya kammalu ake ciro ta a Rashancin yau da kullum. Ta dace da harba tauraron ɗan Adam na farko ranar 4 ga Oktoban 1957, domin abu ne da ya faru sau ɗaya ya ƙare: “pervy sputnik byl zapushchen”. Ba ta dace da “the house is being built” ba, domin ginin bai ƙare ba. Wato tun kafin mai fassara ya zaɓi siga, dole ya yanke hukunci a kan abin da jumlar Turancin sau da yawa ta bari a buɗe. Ɗauki “the shop is closed”. Idan ana nufin kantin a rufe yake yanzu, “magazin zakryt” ne. Idan kuwa jumlar ta ci gaba da “at eight every evening”, ana nufin kullum ana rufe shi da ƙarfe takwas, to sifar ba ta da wuri, sai “magazin zakryvayetsya v vosem”. Bahaushe ba zai sha wahalar ganin wannan ba, tunda shi ma yana raba “a rufe yake” da “ana rufe shi”, alhali Bature ya haɗa su a kalmomi biyu iri ɗaya.

Wannan “-sya” da ke ƙeyar “zakryvayetsya” ita ce hanya ta biyu. Asalinta wakilin suna ne mai ma’anar “kansa”, wanda ya manne wa aikatau ya zama ɗafa-ƙeya, kuma ita ce majhulin aikatau marasa kammaluwa: “dom stroitsya”, ana gina gida, “zdes prodayutsya bilety”, a nan ake sayar da tikiti. Duk wanda ya shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa na Mosko ya ji ta a sanarwar da ake yi kafin jirgi ya tashi, “Ostorozhno, dveri zakryvayutsya”, wato a yi hattara, ƙofofi suna rufewa. Tana kuma da wata ma’ana da ta zo daidai da aikatau na giredi bakwai a Hausa, irin su “gyaru” da “ɗinku” da “buɗu”. Abin da Barashe yake nufi da “dver ne otkryvayetsya” shi ne abin da muke nufi da “ƙofar ba ta buɗuwa”, wanda Bature zai ce “the door cannot be opened”. Tarkon da ke cikin “-sya” shi ne, ba ta manta asalinta ba. Muddin abin da ake magana a kai marar rai ne, mai karatu zai ɗauke ta majhuli, domin gida ba ya gina kansa. Da zarar mai rai ne, sai tsohuwar ma’anar ta farka. Wanda ya fassara “the child is being washed” da “rebyonok moyetsya” ya ce yaron yana wanka da kansa ne, bai ce ana yi masa wanka ba. Daidai ɗin shi ne “rebyonka moyut”, kuma wannan ya kawo mu hanya ta uku, wadda a ganina ita ce zuciyar al’amarin.

Rashanci yana da jumlar da ba ta da aikau ko kaɗan: ana sa aikatau a sigar jam’i ta mutum na uku, a bar wurin mai aikin fayau. “Mne skazali” a zahirin kalmomi shi ne “gare ni suka faɗa”, amma ma’anarsa “an gaya mini”. “Zdes govoryat po-russki”, ana jin Rashanci a nan. “Yego arestovali”, an kama shi. “Vam zvonili”, an kira ku a waya, ko da kuwa mutum ɗaya ne ya kira, domin jam’in na nahawu ne kawai, ba ƙidayar mutane yake yi ba. Wannan ba komai ba ne illa “an” da “ana” da “aka” da “za a” na Hausa. Sharuɗɗan ma ɗaya ne. A harsunan biyu mai aikin da aka ɓoye mutum ne, ba dabba ko iska ba. A harsunan biyu ba a iya ƙara sunan mai aikin a ƙarshe, kamar yadda ba ma cewa “an kama shi ta ’yan sanda” sai a fassarar da Turanci ya danne. Kuma a harsunan biyu sanya wakilin suna yana rusa ma’anar: “oni mne skazali” ya zama “sun gaya mini”, wasu sanannun mutane ke nan da aka riga aka ambata. Bahaushen da ke koyon Rashanci ta littattafan Turanci yana zagaye ne mai nisa zuwa wurin da ke bayan gidansa, domin marubutan littattafan suna ɓata shafuka wajen fahimtar da Bature abin da shi ya tashi da shi tun yana goye. Masanan Rasha da suka yi nazarin Hausa, irin su Dmitri Olderogge wanda aka buga ƙamusun Hausa da Rashanci ƙarƙashin jagorancinsa a Mosko a 1963, sun zo wa harshenmu ne da kunnen da ya riga ya saba da irin wannan jumla.

Muhimmancin wannan hanya yana fitowa sosai a wuraren da majhulin Rashanci ba ya shiga sam. Turanci yana iya ɗaukar wanda aka ba wa abu ya mai da shi kan jumla, ya ce “I was given a book”. Wannan abu ne da harsuna da yawa ba su yarda da shi ba, Rashanci kuma yana cikinsu. Wanda ya rubuta “ya byl dan” ya ce shi ne aka bayar, kamar kyauta. Abin da ake faɗa shi ne “mne dali knigu”, an ba ni littafi. Haka kuma Turanci yana gina majhuli daga aikatau mai tafiya da harafi irin “for” ko “at”, ya bar harafin yana lilo a ƙarshen jumla: “the doctor was sent for”, “he was laughed at”. Rashanci yana mai da harafin gaban sunansa ya sa aikatau a jam’i: “za vrachom poslali”, an aika a kira likita, “nad nim smeyalis”, an yi masa dariya. Sannan akwai tarin aikatau waɗanda so-karɓau ne a Turanci amma takwarorinsu na Rashanci suna neman wani halin i’irabi dabam. Taimako yana neman halin da ake sa wanda aka yi wa abu dominsa, saboda haka “he was helped” sai dai “yemu pomogli”, kamar yadda mu ma muke cewa “an taimaka masa” da “masa” ɗinmu. Tasiri yana neman harafin “na”, bin baya yana neman “za”. Jumla irin “the lecture was followed by a discussion”, wadda ta cika rahotannin taro, dole a kwance ta a sake ɗaurawa: “za lektsiyey posledovalo obsuzhdeniye”, bayan lacca tattaunawa ta biyo. Irin su “it is said” da “he is believed to be” kuwa suna komawa “govoryat, chto” da “schitayut, chto” ko “schitayetsya, chto”, wato “an ce” da “ana ganin cewa”.

To idan an ambaci mai aikin fa? A nan ne ɗalibi yake garzayawa ga hanya ta farko, tunda ita ce take karɓar suna a halin “tvoritelny”. Sau da yawa kuwa abin da ya fi shi ne a bar jumlar a sigarta ta ma’alumi, wato kishiyar majhuli, a juya jerin kalmomi kawai, wannan kuwa ita ce hanya ta huɗu. A farkon 1837 wani hafsan soja Bafaranshe mai aiki a rundunar Rasha, Dantes, ya harbi mawaƙi Pushkin a fito-na-fito, Pushkin ya rasu bayan kwana biyu. Bature zai ce “Pushkin was killed by d’Anthès”, ya fara da Pushkin domin shi ake magana a kai, ya ƙare da sunan maharbin domin shi ne sabon labari. Barashe yana samun wannan jeri ba tare da majhuli ba: “Pushkina ubil Dantes”. Wasalin “-a” da ke ƙarshen “Pushkina” ya riga ya nuna shi aka kashe, ko da ya zo farko. Wannan jumla amsa ce ga tambayar wa ya kashe Pushkin, ita kuwa “Dantes ubil Pushkina” amsa ce ga tambayar me Dantes ya aikata. A nan Hausa ta rabu da Rashanci, domin mu gaba muke jawo sabon labari mu dafa masa “ne”, mu ce “Dantes ne ya kashe Pushkin”, su kuwa ƙarshe suke tura shi. Ana iya cewa “Pushkin byl ubit Dantesom”, nahawu bai hana ba, amma muryar kundin tarihi ce, ba ta hira ba.

Wannan dabara ma tana da inda take ƙarewa. Sunaye maza marasa rai ba su canja siga tsakanin aikau da karɓau, saboda haka wanda ya juya “the bus was overtaken by the lorry” zuwa “avtobus obognal gruzovik” ya jefa mai karatu cikin ruɗu, domin zai ɗauka bas ce ta wuce babbar mota. Dole a fara da motar da ta yi wucewar. Wani wurin kuma halin “tvoritelny” ne yake yin yawa, tunda shi ne na mai aiki, shi ne na kayan aiki, shi ne kuma na muƙamin da aka naɗa mutum: “napisano bratom”, ɗan’uwa ne ya rubuta, “napisano karandashom”, da fensir aka rubuta. Jumlar “he was elected president by the people” idan aka bi ta sawu da ƙafa za ta tara “prezidentom narodom” a jere, abin da kunnen Barashe ba ya ɗauka, sai a koma “narod izbral yego prezidentom”.

Hanya ta biyar ƙarama ce amma tana da daɗin ji. Idan abin da ya yi aikin ba mutum ba ne, iska ce ko ruwa ko tsawa, Rashanci yana sa aikatau a jinsi na uku tilo, ya sa ƙarfin da ya yi ɓarnar a halin kayan aiki, kamar dai wani abu da ba a ambata ba ne ya yi amfani da shi. “The roof was torn off by the wind” ya zama “kryshu sorvalo vetrom”, “the boat was carried away by the current” ya zama “lodku uneslo techeniyem”. Hausa ba ta da irin wannan, mu kai tsaye muke cewa iska ta yaye rufin.

Abin da ya sa zaɓi tsakanin waɗannan hanyoyi ya wuce batun nahawu shi ne, majhulin haƙiƙa yana da wari a Rashanci, warin ofis. Marubucin Rasha Korney Chukovsky ya ƙirƙiro kalmar “kantselyarit” a littafinsa na 1962 kan harshen Rashanci, ya gina ta a kan siffar sunayen cututtuka, yana nufin ciwon da ke sa mutum ya yi magana kamar takardar ma’aikata ko da da ɗansa yake hira. Bayan shekara goma, a 1972, fitacciyar mai fassara Nora Gal ta fitar da littafinta kan kalma rayayya da matacciya, ta kuma lissafa ture jumla mai aikau da majhuli a cikin alamomin wannan ciwo. Ga mai fassara labari ko hira, wannan yana nufin jumlar da take sassauƙa a bakin Bature tana iya zama ƙanƙararriya idan aka kwafe siffarta. “She is loved by everyone” magana ce ta kowa da kowa, amma “ona lyubima vsemi” sai a tsohon littafi. Abin da mutane suke faɗa shi ne “yeyo vse lyubyat”, kowa yana sonta.

Ba a ko’ina ake gudun majhulin ba, domin takardar doka da ta kimiyya warin ofis ɗin suke nema. Sanarwar Haƙƙin Ɗan Adam da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ita a Faris ranar 10 ga Disamban 1948 tana nuna yadda ƙwararru suka yi da shi, kasancewar Rashanci ɗaya ne daga harsunan hukuma na majalisar. A sashe na 1, “are born” ya zama “rozhdayutsya”, wanda aikatau ne na kansa mai ma’anar zuwa duniya, shi ya sa Barashe yake cewa “ya rodilsya” inda mu muke cewa “an haife ni”. A jumla ta gaba “are endowed” ya zama gajeriyar sifa, “nadeleny”, domin hankali da lamiri baiwa ce da aka riga aka yi, mutum yana cikinta. Abin lura ya fi yawa a sashe na 5 da na 9, waɗanda a Turanci duk suka fara da “No one shall be subjected to”. A na 5, mai hana azabtarwa, an rubuta “nikto ne dolzhen podvergatsya”, da aikatau marar kammaluwa. A na 9, mai hana kamu da tsarewa da kora ba bisa ƙa’ida ba, an rubuta “nikto ne mozhet byt podvergnut”, da sifar kammalallen aiki. Kalmomin Turanci shida iri ɗaya sun fito da siga biyu a takarda ɗaya.

Akwai kuma inda ɓoye mai aikin shi ne saƙon gaba ɗaya. A jawabinsa ga majalisar dokokin Amurka a Janairun 1987, lokacin da badaƙalar sayar wa Iran makamai take kan ganiyarta, Shugaba Ronald Reagan ya fara da “we did not achieve what we wished”, sannan ya sauya siga ya ce “serious mistakes were made”. Sauyin da gangan ne: mu ne ba mu cimma buri ba, kurakurai kuwa an dai yi su. Bahaushe zai ce “an tafka manyan kurakurai” ya wuce, kuma bisa duk abin da ya gabata sai a zaci Barashe ma zai ɗauki jumlarsa marar aikau ya ce “dopustili seryoznye oshibki”. A nan kuwa ba za ta yi ba. Aikatau na Rashanci a lokacin da ya wuce ba ya bambanta mu da ku da su, sigar jam’i ɗaya ce, saboda haka idan “dopustili” ya biyo bayan jumlar da ta fara da “my”, wato “mu”, mai sauraro zai jingina shi ga wannan “mu” ɗin, sai tafinta ya sa wa shugaban amsa laifin da ya yi ta kauce wa. Abin da ya rage shi ne hanya ta farko da duk nauyinta, “byli dopushcheny seryoznye oshibki”, jumlar da masu karanta jaridun Tarayyar Sobiyet suka daɗe da sani daga bakin nasu hukumomin.